Pantalon Baba Sarsan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Magarya neman aikin awon gyaɗa, zamanin Nasara. Shekara uku kacal na yi a lakwal, makarantar Nasara, amma a ƙauyenmu Kwaya ni ne mai Faransanci, tunda ba wanda zai iya ƙaryata ni. Da na ji wani kamfani na neman mai karanta sikeli, sai na bi gida-gida ina bankwana. Hauyata ma na miƙa wa ƙanena Idi a gaban jama'a, na ce, “Riƙe, ni da noma har abada.”

Ana gobe tafiya tsoro ya kama ni, na nufi wurin Baba Sarsan, tsohon sojan da ya yi yaƙin Turawa. Ya ce, “Yaro, abin da muke yi kafin a buɗe wuta zan koya maka. Rufe ido. Ja iska ta hanci, ka ƙirga huɗu. Sai ka buɗe hannuwa ka sake ta a hankali. Ka saki tsoro, ka saki Kwaya, ka saki komi.”

Ya kuma ara mini pantalonsa, wai Nasara ba ya ɗaukar mai wandon ƙauye. Baba Sarsan ƙato ne, ni kuwa kamar karan dawa. Pantalo kuma ba shi da zariya (na laluba ciki da waje, har na zargi telan da ha'inci). Dabarar da na yi, na cika ciki da fura, na zura hannun hagu a aljihu na damƙe ƙugun. Haka na shiga Magarya hannu a aljihu, ana kallona ina jin ni ma wani mushe ne, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci.

Nasaran kamfanin na zaune a rumfar awo da tafintansa, masu gyaɗa maza da mata sun yi layi. Ya dube ni ya jefo tambaya. Sunana fa kawai ya tambaya! Faransancin shekara uku ya tsere ya bar ni.

Sai na tuna Baba Sarsan. Na rufe ido, na ja iska, na ƙirga huɗu cif. Na buɗe hannuwa biyu, na saki komi.

Wallahi na ji sanyi har cikin raina. Daga baya na gane ba a rai kaɗai nake jin sanyin ba. Ciki ya lafe, hannu ya bar aljihu, pantalo na kwance a kan takalmina, ni kuwa ina tsaye da tsohon bante, hannuwa a shimfiɗe kamar mai shanya.

Wata tsohuwa ta ce, “La'ilaha! Ɗan nan, haka ake gaida Nasara yanzu?”

Nasaran ya yi magana, tafinta ya juyo yana share hawayen dariya. “Mushe ya ce gyaɗa ake awo a nan. In awon soja kake so, inda ake tuɓe mutum, sai Damagaram.”

Kafin in iso Kwaya labari ya riga ni. Na tarar da Idi a bakin zaure. Kawai ya miƙo mini hauyata. Da ma dariya ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Har yau in raina ya ɓaci ina jan iskar nan, tana kuwa aiki. Sai dai kafin in saki komi, nakan fara duba abin da hannuna ke riƙe da shi.