Ranar da Na Zama Maroƙi a Fassi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a zauren Malam Sule ba, shekarun da aka fara Shari'a. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Rano, wani ɗan bautar ƙasa ya tafi ya bar min kaset na waƙoƙin Turawa masu jita da ihu, irin waɗanda ake kira rok. Na bi na haddace, na koma ganin kaina wani mai zurfin tunani da duniya ba ta fahimta ba (alhali ko Kaduna ban taɓa zuwa ba).

A lokacin ina neman Balaraba 'yar garin Fassi, kuma da gaske nake sonta. Baffanta Malam Sule, mai makarantar allo, shi ne waliyyinta. Ya ce in zo ya gan ni kafin in turo magabata.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, in an tashi makaranta, me kake taɓawa?"

Na gyara zama na ce, "Ina nazarin waƙoƙin rok, Baba."

"Roƙo?"

To, mu dai kowace kalmar Bature sai mun ɗosa mata wasali, kamar kofi da bokiti. Na ɗauka abin da ya yi ke nan. Har da murmushi na ce, "Ƙwarai kuwa, shi."

Maimakon in yi shiru, sai na buɗe darasi. Na ce mawaƙin yakan tsaya a tsakiyar taro, amma ji yake shi kaɗai ne, ba mai kallonsa. Sai ya ɗaga murya, yana neman wanda zai miƙo masa hannu.

"In ba a miƙo ba fa?" in ji Malam.

"Sai ya ƙara ƙarfi, Baba, har muryarsa ta dishe."

"Kai ma kana yi?"

"Kullum a ɗaki. Ina dai koyo."

Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Albashin ne ba ya isa, ko gado ka yi?"

A nan ne kaina ya waye. Na ce a'a, rok da Turanci dutse ne. Ya ce, "To, a kan dutse kuke yi, don gudun hukuma?" Na ji wata dariya ta kufce a bayan ƙyaure, na kuma san mai ita. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Malam ya shiga gida ya fito da tsohuwar babbar riga, ya ɗora min a cinya. "Ba a sallamar irinku hannu rabbana," ya ce. "Allah ya yaye maka. Amma 'yar nan tamu, ka yi haƙuri."

Na tura kawuna ya yi bayani, Malam ya ce ai da bakina na faɗa. Bayan girbi aka ba da Balaraba ga wani mai shagon taki a Kibiya. Na yi baƙin ciki sosai, har abinci ya daina shiga. An aiko min da goron gayyata, tare da saƙon Malam cewa in zo, amma kada in zo da lasifika, an hana roƙo.

Tun daga ranar, in dattijo ya maimaita min maganata, sai na saurari ƙarshenta kafin in ce ƙwarai kuwa.