Shadda Mai Sukari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida mahaifin Rakiya, ko da tsufa zai kai ni ga manta hanyar gidanmu. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji bayana yana ƙaiƙayi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye cikin ƙasar Tsanyawa, kuma kaf ƙauyen nan babu wanda ya kama ƙafata a son gayu. Albashina ba ya kwana a aljihu. Yau yana hannuna, gobe yana wurin tela, jibi wurin mai wankin hula, abin da ya yi saura kuma mai turare ya kwashe. Abokan aikina suna sayen tumaki suna turkewa, wasu suna karɓar jinginar gona, ni kuwa ina tara takalma a ƙarƙashin gado. Innata (ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, sai dai ta ce "kai wannan") ta sha ce mini, "Kai wannan, ran da yunwa ta zo hula za ka dafa?" Sai in yi dariya in ce Inna ba ki san zamani ba.

To, ai kuwa yunwar ta zo. Shekarun nan ne da fetur ya yi tashin gwauron zabi, kwanon gero ya zama abin da sai an yi shawara kafin a auna, albashi kuwa yana nan inda yake ko gezau. Takalman nan da hulunan nan ɗaya bayan ɗaya na riƙa kai su kasuwa a ɓoye cikin baƙar leda, har mai gwanjo ya saba da ni yana tambayata ya ɗalibai. Abin da ya rage mini na fita kunya shadda ce guda ɗaya, fara ƙal, jamfa da wando. Ita kam na rantse ko za a mutu ba zan sayar ba.

A cikin wannan hali ne na kamu da son Rakiya, kuma ba son wasa ba, aure nake nufi. Mahaifinta Malam Idi manomi ne a wani ƙauye wajen Makoda, dattijo mai magana ɗaya, in ya ce a'a ko duk garin za su taru ba ya sauyawa. Wata rana na je zance sai Rakiya ta ce da ni, "Baba ya ce ka zo ranar Asabar bayan la'asar, yana son ganinka da kansa. An kai masa labari wai kai duk abin da ka samu a tufafi yake ƙarewa, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai ciyar da ita kwalliya ba. Don Allah ka zo a natse. Daga wannan zaman zai yanke hukunci."

Mai hankali da ya ji wannan magana sai ya nemi wata koɗaɗɗiyar riga ya saka ya tafi. Ni kuwa da na dawo gida abin da ke raina ɗaya ne: yadda zan yi shigar kece raini, tsohon nan ya san ba matsiyaci ne zai ɗauki 'yarsa ba.

Matsalar ita ce shaddar ta sha jiki, ta yi laushi, tana bukatar sitaci da guga mai kyau, mai wanki da guga na Tsanyawa kuwa ya tsawwala kuɗi kamar shi ma da fetur yake wankin. Sai na kai kukana wurin abokina Habu. Habu ɗan acaɓa ne, ya taɓa zaman wata biyu a Kano, tun daga nan babu abin da bai sani ba a duniya.

Ya ce, "Kai ma dai da ɓata kuɗi. Sitaci ai rogo ne. Ka sami garin rogo ka dama kamar koko, ka tace, ka tsoma rigar. Amma bari in ba ka sirrin masu wankin birni, wanda ba sa gaya wa kowa. Sukari suke zubawa. Shi ke sa shadda ta tsaya tana ƙyalli kamar yau aka yanko ta."

Na ce, "Kamar yaya ake zubawa?"

Ya ce, "Gwargwadon ƙyallin da kake so."

Ni kuwa ba ƙaramin ƙyalli nake so ba. Inna tana da ɗan sukari a gwangwani, ta ɓoye shi cikin kwalla tana tsakura kaɗan-kaɗan saboda kokonta na safe, don a lokacin sukari ya zama sai wane da wane. Na faki idonta ta shiga maƙwabta, na juye gwangwanin nan kaf a cikin kullun rogo. (Na ce a raina in albashi ya zo zan mayar. Allah ya yafe mini.)

Gaskiya sai an faɗa, shaddar ta yi kyau. Da ta bushe na sauke ta daga igiya, na jingina ta da bango sai ta tsaya da kanta kamar akwai mutum a ciki. Da na ɗora mata dutsen guga na gawayi wani ƙamshi ya tashi, har Inna ta leƙo daga ɗaki tana cewa, "Wai wa ke dafa alewa a gidan nan da wannan tsadar?" Na yi kamar ban ji ba.

Ranar Asabar na yi wanka, na shafa ragowar turarena. Singiletin da zan saka a ciki ta fi rariya ƙofofi, wuyanta ya zazzago har ƙirji, amma na ce wa zai gani? Na zura jamfa tana ƙaras-ƙaras, na kafa hular da na aro wurin Habu. Hawa babur ɗin Habu ma sai da aka yi dabara, don wandon ya ƙi lanƙwasuwa.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Kafin mu yi rabin hanya gumi ya jiƙa ni, na fara jin rigar tana manne mini a baya tana danƙo. Ƙudaje suka yi mana rakiya tun daga kan kwalta har cikin gonaki. Na ce Habu lafiya kuwa? Ya ce, "Ƙudan ƙauye ne, ba su saba ganin farin kaya ba."

Mun tarar da Malam Idi a ƙofar gida, a gindin wata tsamiya, shi da wasu dattawa biyu a kan tabarma. Tun daga nesa muka tuɓe takalma. Kun dai san yadda zaman gaban suruki yake a wajenmu. Ba ka ɗaga kai, ba ka haɗa ido da shi, ba ka motsi, in an kawo ruwa ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka sha. Susa kuwa ai ba a ma maganarta. Malam Idi ya nuna mini tabarma ya ce in hau, ni kuma don in nuna tsananin ladabi na ƙi, na durƙusa a tsurar ƙasa a jikin saiwar tsamiya, na sunkuyar da kai. Habu ya tsuguna a gefena.

Ashe a bakin gidan kiyashi na sauka.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka tambayi makaranta. Ina amsawa a hankali da muryar salihai, sai na ji wani abu yana yawo a ƙwaurina. Na saci kallo ta ƙasan ido. Layin kiyashi ne baƙi ƙirin ya kamo ƙafar wandona yana hawa, a kan farar shadda ana ganinsu raɗau. Kiyashi dai yawo kawai suke yi, ana iya daurewa. Amma ba a jima ba labari ya kai wa cinnaku, su kuwa ba su san na gida ba balle baƙo.

Malam Idi ya ce, "Malam, kana taɓa noma kuwa?"

Na ce, "Ana taɓawa, Baba." (Rabona da fartanya tun ina aji shida.) Daidai nan wani cinnaka ya gantsara mini cizo a haƙarƙari. Na cije leɓe, hawaye suka cika mini ido. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce da ɗan'uwansa, "Yaron nan akwai kunya, dubi har idonsa ya kawo ruwa."

Ana cikin haka na ji ana jan rigata ta baya, a hankali, a ja a saki. Na ɗauka Habu ne yake yi mini alamar in ƙara sunkuyawa, sai na ƙara sunkuyawa. Aka sake ja. Na kalli gefe, sai ga hannuwan Habu duka biyu a kan gwiwarsa, kansa a ƙasa, kafaɗunsa sai rawa suke yi. To in ba Habu ba ne, wa ke ja? Sai na ji numfashi mai ɗumi a gadon bayana, da sautin tauna.

Akuya ce. Da bazara awaki a sake suke, ba ciyawa ba harawa, leda ma ci suke yi in sun samu. Wannan baiwar Allah ta zo ta tarar da rogo da sukari an shanya mata a bayan mutum. Ba ta tsaya rowa ba kuma, ta yi kuka ɗaya, 'ya'yanta biyu suka iso.

Wallahi a wannan lokacin na yi tunanin duniya. In na juya na kori akuya, na yi rashin kunya a gaban suruki. In na zauna, za a cinye ni da rai. Na tuna Rakiya, na ce a raina ko fatar bayana za su haɗa da ita ba zan motsa ba.

Malam Idi ya gyara zama ya ce, "To, Malam, ga dalilin kiran. An ce mini kai mutum ne mai zuba dukiyarsa a tufafi. Ina so in ji daga bakinka."

Na ce, "Baba, sharrin mutane ne. Ni tufa ba ta dame ni ba."

Ban rufe baki ba sai ji kake kyaaat, akuyar ta yage bayan jamfar tun daga gindi har kusa da kafaɗa. A daidai lokacin kuma wani cinnaka ya same ni a wurin da ba zan iya faɗa muku ba. Ban san sanda na miƙe ba. Na ji dai wata murya ta ce "Wayyo Inna!" ashe tawa ce. Na kama jamfa zan tuɓe, ta manne saboda danƙo, ta tsaya mini a ka. Ga ni tsaye a gaban dattawa, kai a cikin riga, ina tsalle ina dukan cinyoyina, akuya ta riƙe ɗaya gefen tana ja ina ja. Da ƙyar na fizge kaina, hula ta yi nata wuri.

Sai ga ni daga ni sai singiletin nan mai ƙofofi. Ta cikin dangar gidan na ji mata suna ƙyalƙyala dariya, kuma na gane muryar Rakiya a ciki, ita ce ma ta fi tashi. Habu kuwa ya kife a ƙasa don dariya. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Malam Idi bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki wani ƙyalle da ya faɗo daga bakin akuya, ya murza shi, ya shinshina, sannan ya ɗan lasa yatsansa.

Ya ce, "Sukari."

Na ce, "Sukari ne, Baba."

"Na wa?"

"Na Innata."

Dattawan nan biyu suka kasa daurewa, har ɗaya rawaninsa ya warware. Malam Idi ya dube ni tun daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan singileti. Ya ce, "Ashe ba ƙarya ka yi ba. Ta cikin dai ba ta dame ka ba."

Na ce a raina shi ke nan, Rakiya ta tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina jin cizon. Malam Idi ya shiga gida da kansa ya fito da wata tsohuwar rigarsa ta zuwa gona ya miƙo mini, ya ce in saka in zauna, a kan tabarma wannan karon.

Ya ce, "Tun da akuyar nan ta taho nake kallonta. Da gangan na ƙi korarta, ina so in ga iya inda za ka kai. Wanda za a ci riga a jikinsa bai ɗaga kai a gabana ba, yana da kunya, kuma da gaske yake son abin da ya zo nema. Hankali ne dai ya yi maka ƙaranci, shi kuwa Rakiya tana da na mutum biyu. Ka je ka mayar wa tsohuwa sukarinta tukuna, sannan ka turo manyanka. In kuma Allah ya hore maka sukari a gidanka, a kokon 'yata za ka zuba."

Haka na hau bayan Habu na koma gida cikin rigar noman surukina, ina susa tun daga Makoda har Tsanyawa. Inna ta dube ni, ta dubi rabin jamfar da ke hannuna, ta ce, "Kai wannan, ashe alewar tawa ce."

An yi aure, yau ga mu da 'ya'ya. A ƙauyen su Rakiya babu wanda ya san sunana, Malam Alewa suke ce mini, har limaminsu. Na dai koyi cewa araha ba ta ado, kuma wanda zai je gaban manya gara ya fara gyara ta ciki, don bai san ranar da za a tuɓe shi ba. Ni a ganina na yi hankali. Rakiya ce dai ba ta gamsu ba, don har gobe in ta ga na ɗauko bokiti zan yi wanki, sai ta tashi ta kulle sukari.