Ƙwaryar Maigandi

"Lahiya lau, amarya. Ya hayaƙi?"

"Hayaƙin ga shi yar raini ubanka, mai kunnen faifai. Zamna."

Kakata Hure ke nan, Allah ya jiƙan rai. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ina koyarwa a Birnin Kebbi, duk Asabar sai na biya kuɗin mota zuwa Argungu musamman don a zage ni. Ran nan na same ta tana bandar kifi, ƙwaryar Maigandi a gefenta.

Kowa a unguwar ya san wannan ƙwarya. Tun da ruwa ya ci kakana ya bar ta da babana a goye, Maigandi masunci yake aiko mata kamun farko na kowace shekara. Sai ta juye kifi, ta mayar da ƙwarya wayam, alhali a garinmu ko maƙiyi ba a mayar masa haka. Amsarta ke nan shekara arba'in da ɗoriya: ɗanta ba zai yi agolanci ba, ita kuma hannunta ya ishe ta. To bana tsohon yana kwance ba lafiya, 'yan karfasa uku kawai ya iya aikowa, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Ta ce in kai masa ƙwaryarsa. Na ce ni da matata, in zama ɗan aiken abokin takarata?

"Miji? Kwaɗon fadama ya hi ka ƙwauri. Goro guda ka taɓa kawo man?"

Na zaro farare uku na dire. "Tsohuwar zuma, da ke aka magani. Jiya ma na gan ki a silima."

Ta ce uwata na gani. Na rantse fim ɗin Indiya ne, wata ce da ɗanta tilo, da keken ɗinki ta raine shi, wani bawan Allah kuma yana bin ta da waƙa shekara da shekaru tana korarsa.

"Ta yi daidai. Waƙa na cika tukunya?"

"Naki ai da kihi yaka waƙa tai."

Ta ɗaga muciya, na goce. Ta ci gaba da juya kifi kamar ba ta damu ba, can sai ta ce, "Ƙarshe hwa?"

Na ce ranar da ɗan ya zama mutum, matar ta wanke ƙafa ta tafi gidan mai waƙa, ta tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida. Ƙarya nake shararawa, Allah na tuba. A fim ɗin aure suka yi, har da rawa a kan dutse.

Hure ta daɗe tana kallona, kifi na ƙonewa ba ta juya ba.

"Kihi na ganinka, mai jar koma. Indiyawa ba su kashe ango."

Sai ta fashe da dariya, tana goge ido tana zagin hayaƙi. Ta wanke ƙwaryar tas, ta zuba gorona duka ukun, ta rufe da sabon faifai.

Na ce, "Da gorona za a yi mini ƙwace?"

"Ɗana ya girma, har ya haihi sakarai. Ka aiko man takardata, na gaji da kai. Ruga, kada ka iske tabarmi."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban tarar da tabarmi ba.