Daddawar Ƙarƙashin Gado

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta mutanen gidanmu ba za su bari ba. Har yau in ƙamshin daddawa ya tashi daga tukunyar miya, sai wata ta dube ni ta ce, "A leƙa yaro, ko lafiya?"

Ni a ruga aka haife ni, wajen Malikanchi. Abin da na tashi na iya shi ne tatsa, kaɗa nono, da gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga nesa. Sai aure ya kawo ni Nasarawan Doya, gidan manoma, gidan da kakan maigidana ya gina tun Turawa ba su zo ba. Katangarsa mutum na iya kwanciya a kai don kauri, azarar zaure kuwa ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi da shekaru. Ɗakin da aka ba ni akwai gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi, wanda matan gidan suka yi jego a kai tun kaka da kakanni. (Ku riƙe wannan rami a ranku, za mu dawo gare shi.)

Surukata, Iya, ita ce mai daddawar unguwar. Ran kasuwar Makarfi kafin ta sauke kwando mata sun kewaye ta. Ƙa'idar gidan kuwa, duk matar da aka auro sai ta koyi wannan sana'a. Facalata Ladi, matar yayan maigidana, tuni ta gwanance. Ni ce saura, kuma ban fara koyo ba sai da na haihu, da goyona a baya, girma ya zo babu wayo.

Ɗan fari kuwa kun san yadda ake da shi. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ki kau da kai kamar ɗan makwabta ne. Mu Fulani ma kunyar tamu ta fi tsanani. Ga shi kuma sunan surukina aka mayar masa, Haruna (ina rubutawa ina jin kunya, da ma a ajin Yaƙi da Jahilci na koyi rubutun), don haka kowa Baba Ƙarami yake ce masa. Ni kuwa "yaron nan" kawai. A tsakar gida ke nan. In na shiga ɗaki na saki asabari, wata mace ce daban. In yana barci sai in tsinko 'yar auduga in kara a hancinsa in ga ko tana motsi. In ya yi atishawa na shiga uku, in bai yi ba in ce me ya hana shi.

Iya ta koya mini komai daki-daki. A dafa kalwa wuni guda har ta yi laushi, a surfa ta da toka ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane. Sai a juye a ƙwarya da zafinta, a rufe da ganye, a lulluɓe da tsumma, a ajiye inda iska ba ta shiga. Kada mai ya taɓa, kada gishiri ya kusa. Daga nan sai a bar ta ta kwana biyu tana aikinta.

To nan ne gizo ke saƙar. Ni ban iya bari ba.

In na rufe ƙwarya, kafin a yi la'asar na je na ɗaga ganye in ga ko ta fara. Da safe in sake ɗagawa, in sa yatsa in ji ko da ɗumi. Duk wadda na yi sai ta huce ta bushe, ko ta yi furfura kamar gemun liman. Tata daddawar kuwa Iya a wani ɗan ɗaki can bayan rumbuna take rufe ta, ba ta barin mai goyo ta shiga, sai ta kirɓa ta shanya muke ganinta. Saboda haka busasshiyar daddawa na sani, amma wadda ta nuna a cikin ƙwarya ban taɓa jin warinta ba.

"'Yar Fulani," in ji Iya, "ko lalle in ana kwance shi ana leƙawa ba ya kamawa. Hankalinki rabi na ƙwarya, rabi na ɗaki."

Rannan ina shara na ji tana gaya wa Baba, surukina, cewa in aka yaye yaron a kai wa gwaggonsa ta Likoro, da ma ta daɗe tana roƙo, ita ma yarinyar nan ta samu natsuwa ta koyi sana'a. Da yamma ta kira ni ta faɗa mini. Me uwar ɗan fari za ta ce? Na durƙusa na ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, Iya." Na shiga ɗaki na ci kuka har da majina.

Sai dabara ta zo mini: in yi daddawa a ɓoye, in ta yi kyau in kai gaban Iya, ta ga ina iya riƙe goyo da ƙwarya gaba ɗaya. Ran kasuwa da Iya ta tafi Makarfi, Ladi ta ɗibar mini kalwa, muka wuni muna hura wuta. Ta ce, "Ina za ki ɓoye ta? Hancin Iya ya fi na kare." Na ce ta bar ni da wannan. Na zuba toka mai ɗumi a ramin gadona, na tura ƙwaryar ciki, na lulluɓe da ganye, na ɗora tsohon zanen goyo na saƙi a kai. Na yi wa kaina alkawari ko kallon wurin ba zan yi ba.

Allah da ikonsa, washegari yaron ya tashi da zazzaɓin haƙori. Iya ta jiƙa masa sabara, ta shafa masa magani a dasashi, ta ce ba komai. Ni kuwa "ba komai" ba ta taɓa shiga kunnena ba. Kwanakin nan ban san na ci ba, ban san na sha ba, balle wata ƙwarya. Na manta da ita ƙaf, kamar ba ni na ajiye ba.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, na shiga ɗaki sai wani wari ya doke ni. Wari mai hawa ka, mai sa ido ƙwalla. Na san irinsa: a ruga, in miki ya ruɓe a jikin saniya har tsutsa ta shiga, haka yake. Na suri yaron, na shinshina kunne, na shinshina cibiya, na buɗe baki. Na ce bari in fita da shi haske. Zannuwan goyona duk ya jiƙe su suna kan igiya, sai na ga bakin wani zane ya leƙo ta gefen gado, na fizgo na goya shi. (E, shi ne. Kun riga ni ganewa, amma ku ba ɗanku ba ne.)

Na fito tsakar gida, wari ya biyo ni. Na je bakin rijiya, yana nan, har ya ƙaru. Shi ke nan, na ce daga jikinsa ne.

Na ruga ɗakin Iya, ba ta nan, ta shiga makwabta barka. Ban tsaya neman mayafi ba, ɗankwali ma ya faɗi a hanya, na yi zaure da gudu, niyyata in ban same ta ba sai asibitin Makarfi a ƙafa. Ni da ban taɓa ratsa zauren nan da maza a ciki ba. Ashe ranar Baba ya tara dattawan unguwa da magini, ana shawarar yaɓen zaure kafin damina. Ga liman, ga mai unguwa, kowa ya ɗaga kai yana duban azara, sai ga ni tsulum, kai ba kitso.

Baba ya ce, "Subhanallahi! 'Yar nan, lafiya?"

Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Haruna ne! Haruna na ruɓewa! Wayyo ɗana, ku taimake ni!"

Dattawa suka dubi juna. Sunan ɗan fari, sunan suruki, da "ɗana" a kai, duk a numfashi ɗaya, a gaban liman. Baba ya dubi hannuwansa, ya juya su gaba da baya, ya ce, "To, babban dai da sauransa. A kwanto ƙaramin mu gani."

Shi kuwa ƙaramin, da aka kwanto shi, dariya yake yana miƙa hannu zai kama gemun liman, ga ɗan farin haƙori ya huda.

Ihuna ya riga ya fito da Iya daga makwabta. Ta karɓe shi, ta shinshina wuyansa sau ɗaya, ta ɗauki zanen ta kai hanci. Ta daɗe tana kallona.

"Kalwar wa kika ɗiba?"

A lokacin ne komai ya dawo mini. Da ƙasar zauren nan za ta tsage da na gode mata.

Aka rankaya ɗakina, Iya a gaba, ni a baya, Ladi ta riƙe ciki don dariya ta jingina da rumbu tana cewa, "Wayyo Allah, a kira wanzami, daddawa ba ta da lafiya!" Iya ta durƙusa ta jawo ƙwaryar daga ramin gado, ta ɗaga ganye. Ta ɗebo da yatsu, sai ga yauƙi yana bin hannunta zare-zare. Ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Sau nawa kika buɗe ta?"

Na ce, "Ko sau ɗaya, Iya. Mantawa na yi."

Ta ce, "Shi ya sa. Ta yi. Wallahi ta yi." Sai ta juya ta ce wa Ladi, "Shekara da shekaru ina gidan nan, ban taɓa tunanin ramin gadon nan ba."

Na wuni a ɗaki ban fito ba, ko abinci sai Ladi ta miƙo mini tana tambaya ko in shinshina shi tukuna. Bayan magariba Baba ya shigo tsakar gida, ya yi gyaran murya, ya yi magana da Iya da ƙarfi yadda zan ji ta bayan asabari.

"Maganar Likoro a bar ta. Wadda ta keta zaure ba ɗankwali a kan warin daddawa, in aka kai yaron can, kullum sai mun aika a tare ta a hanya. Ni kuma ba na so in sake ruɓewa a gaban liman."

Na cusa fuska a filo, ina dariya ina kuka.

Yanzu an yaye Baba Ƙarami, yana nan yana bin awaki a tsakar gida, sai dai babu mai kiransa da wannan suna, Ɗan Kalwa ya bi shi. Ni ke yi wa Iya rabin daddawar da take kaiwa kasuwa, kuma a ramin gadona ake rufe ta. Na gane daddawa da ɗa duk halinsu ɗaya: ki yi naki, ki lulluɓe, ki bar wa Allah saura. A kan daddawa dai na kiyaye, ba na ɗaga ganye. Auduga kuwa har yanzu tana nan a ƙarƙashin filona.