Yadda Za Ka Ɗauko Kare Matsoraci a Longsight Ka Ce na Gadi Ne

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka ajiye kare a gidanka a tsakiyar unguwar Longsight ta Manchester ba tare da mutuncinka ya zube ba. Ni dai ban taɓa riƙe kare ba, in na hango shi ma tsallaka titi nake yi. Amma tagar falona tana kallon ƙofar Falalu, saboda haka ilimin nan a gaban idona aka dafa shi.

Falalu akanta ne. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukumar da yake wa aiki ta rage ma'aikata, aka haɗa da shi. Bawan Allah ya shige gida ya ja labule. Matarsa Maimuna, ma'aikaciyar jinya, ita ta ce a samo kare. Matsalar guda ce: yayansa Alhaji Abdulsalam na Sparkbrook a Birmingham, wanda Falalu bai taɓa ce wa a'a ba tun suna yara a Kano. In Yaya ya ce a mayar da kare, an mayar ke nan.

Mataki na ɗaya: Tanadi hujja kafin kare

Kada ka kuskura ka ce kana son kare. Mutumin kirki ba ya son kare, sai dai larura ta kama shi. Malamai sun yi rangwame a kan na farauta, na kiwo da na gadi. Farauta a Stockport Road ba za ta sayu ba, kiwo kuwa ko kaza ba ka da ita. Saura gadi.

Fara shuka maganar da wuri. Duk wanda ya gaishe ka a shagon nama, girgiza kai ka ce, "Wallahi tun da aka rage 'yan sanda ɓarayi suka samu sake." In ba a yi sata a layinku ba, ka ce an yi a layin baya. Ba wanda zai je ya tambaya.

Mataki na biyu: Shirya kamar mai neman aure

Gidan da ake tara karnukan da aka yasar cike yake maƙil, don mutane sun rasa aiki sun koma flat ɗin da ba a yarda da dabba ba. Za ka ɗauka roƙonka za su yi ka rage musu nauyi. Ina! Za su tambaye ka tsawon katangarka, da wanda zai kula da karen in ka yi tafiya, da ko ka taɓa daka wa dabba tsawa. Lokacin da na nemi auren uwargidana ba a yi min rabin wannan binciken ba.

Da aka tambayi Falalu ko yana yawan zama a gida, sai ya ce, "Kullum." Wannan kaɗai ya ci da cikakken maki.

Gargaɗi na musamman: kada ka yi gulma da Hausa. Falalu ya juya ya ce wa Maimuna, "Ki ce mata filin bayanmu ƙato ne, ina za ta sani." Matar da ke musu tambayoyin, mai suna Scholastica, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni 'yar Jos ce. Ranar Asabar zan zo in ga filin da idona."

Mataki na uku: Zaɓi mai kwarjini

Nemi ƙato, mai faɗin ƙirji, wanda haushinsa ke kaɗa hanjin baƙo. Wannan ita ce shawarata, kuma Maimuna ma irinsa ta nuna.

Falalu kuwa ya wuce su duka, ya tsuguna a gaban keji na ƙarshe. Wani ɗan kwikwiyo ne da ya fara tasawa, ja-ja, kunne ɗaya a karye, ya juya wa duniya baya ya kafa hanci a bango yana karkarwa.

"Wannan me ya same shi?" in ji Falalu.

Scholastica ta ce, "Masu shi sun rasa gidansu. Tun da aka kawo shi bai yarda ya fito fili ba."

Falalu ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Shi za mu ɗauka."

In kai ma ka tafka irin wannan kuskuren, kada ka karaya, sauran matakan domin irinku na rubuta su.

Mataki na huɗu: Sake masa suna

Sunansa na can Biskit. Haba, wane ɓarawo ne zai fasa sata saboda Biskit? Raɗa masa Damisa, ka liƙa hoton wani ƙaton kare a ƙofa.

Ka sani ba zai amsa Damisa ba. A gaban mutane ka ƙwala "Damisa!" da ƙarfi, sannan ka yi tari ka ce "Biskit" a ciki. Haka kuma ka ɓoye wa jama'a abubuwan da yake tsoro, wato mai kawo wasiƙa, magen maƙwabta, butar shayi in ta tafasa, da ledar da iska ta kwaso.

Mataki na biyar: Tsarki

Ware masa kwanonsa, rufe ɗakin da kuke salla. Duk da haka wata rana zai lashi tukunyar uwargida, kuma ka san abin da aka koya mana, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. To ina ƙasa a Longsight, inda ko'ina siminti ne da kwalta? Sai ka je shagon masu shuka furanni ka sayo buhu.

Karanta jikin buhun, don Allah. Falalu ya yi makonni yana tsarkake tukwanen Maimuna da ƙasar da aka cuɗa da takin doki. Ranar da ta gano, har gidana na ji muryarta.

Mataki na shida: Fita yawo

Kare sai an zaga da shi kullum, ko ana ruwa, kuma a Manchester kullum ana ruwa. Zaɓi lokacin da ba Bahaushe a waje. Babu irin wannan lokacin, amma ka gwada.

Ranar farko Damisa ya ƙi tsallake dokin ƙofa. Falalu bai ja shi ba, ya zauna a kan matakala kusa da shi, su biyu suna kallon titi kamar baƙi. Bayan kwana biyu suka kai wurin kwandon shara. Daga baya suka kai kwanar layi, wata mota ta yi ham, suka dawo da gudu, ban san wa ya riga wani ba. Sannu a hankali har suka isa filin shaƙatawa.

Wata safiya na ga Falalu ya yi aski, ya sa riga mai guga. Ya ɗago min hannu ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?" Rabon da in ji muryarsa har na manta. Wallahi sai da na ji daɗi, ni da ba na ko son karen.

Mataki na bakwai: Ranar da Yaya zai zo

Zai zo. Labarin kare yana riga jirgin ƙasa isa Birmingham.

Alhaji Abdulsalam ya iso ranar Lahadi cikin babbar riga, ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Ni kuma lokacin ne na tuna motata tana son guga.

"Ina mai gadin?" in ji shi.

Falalu ya fito da Damisa. Alhaji ya buga ƙafa sau ɗaya, kare ya shige bayan ƙafafun Falalu ya saki fitsari.

"Falalu, ni za ka yi wa wasa da hankali? Gobe ka mayar da shi inda ka ɗauko. Ba zan shiga gidan da ake kwana da kare ba."

Falalu ya sunkuyar da kai, bakinsa har ya fara haɗa "to". Sai ga Maimuna ta fito, ta rusuna.

"Yaya, ka gafarce ni. Tun da aka sallami ƙaninka ya daina fita, ya daina cin abinci, ko masallacin Juma'a sai na yi da gaske. Na kira ka na faɗa maka, ka ce ya yi haƙuri. Karen nan ne ya fito da shi waje. In aka mayar da karen, wa zai riƙa zuwa yana fito da ƙaninka? Kai?"

Falalu ya duƙa ya ɗauki karen, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan mayar da shi ba."

A wannan gaɓar ba ni da shawarar da zan ba ka. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙaninsa, yadda wuyan riga ya yi masa yawa. Bai shiga gidan ba, a mota aka kai masa abinci, ya ci ya tafi.

Ba ruwana

Duk abin da ya biyo bayan matakan nan, kai ka jawo wa kanka. Ni ba malami ba ne, ba likitan dabbobi ba ne. In tukwanenka suka yi wari, ko ɓarawo ya shigo karenka ya raka shi har ɗaki, kada ka ƙwanƙwasa min ƙofa.

Haka nan ban ɗauki alhakin man motar Alhaji Abdulsalam ba. Yanzu duk Lahadi sai ya taso tun daga Birmingham. Har yau bai taka cikin gidan ba, a waje yake tsayawa ya danna ham. Daga nan za ka gan su a filin shaƙatawa cikin yayyafi, kare a dama, Falalu a tsakiya, Alhaji a hagu ya tattare babbar riga har gwiwa, yana mita yana tambayar ƙaninsa ko ya karya kumallo.