Oga Tun-Ciki da Motocin Dako Goma Sha Biyu

"Ni tun ina cikin mahaifiyata nake shugabanci! Mutum ma na juya shi, balle ƙarfe?"

Haka mataimakin manajan wani babban sito yake faɗa yana shafa tumbi, har leburori suka laƙaba masa Oga Tun-Ciki. Aboki, da ka ga takunsa sai ka rantse shi ya haifi ginin. Manaja ya yi ritaya, ba a kai ga naɗa wani ba, amma Oga har ya sa an auna kujerar ko za ta ɗauke shi.

Ana haka kamfani ya kawo ƙananan motocin dako goma sha biyu masu tuƙa kansu, suna jigilar katan-katan na sabulun ruwa. Injiniyar da ta haɗa su ta yi masa bayani:

"Oga, mota ɗaya ce take jin na'urar jagora. Sauran kowacce ta gabanta take saurare: ina kike, da wane gudu kike tafiya? Da haka suke jeruwa."

"Wato gulma suke yi a bayan shugaba? A sitona? Yanke musu hirar! Kowacce ni za ta saurara kai tsaye."

"In ba sa jin juna, ai ba za su san..."

"'Yata, iliminki na takarda ne, nawa a jini yake. Yanke!"

Ta yanke. Yo me za ta yi?

Ranar da mai kamfani ya zo ganin gwaji don ya zaɓi manaja, Oga ya rataya na'urar jagora a wuya kamar lambar yabo. Ya yi taku uku, motoci suka motsa a hankali.

"Wannan wace irin biyayya ce ta ragwaye? Murɗa musu ƙarfi har ƙarshe!"

Ta murɗa, ta ja da baya, ta tsaya kusa da ƙofa.

To, ka san abin haushin? Motocin nan ba su yi laifin komai ba. An ce kowacce ta bi Oga, kowacce kuwa ta nufi dunduniyarsa, ba ta san akwai 'yan'uwa goma sha ɗaya masu wannan niyyar ba. Gwaram! Biyu suka yi karo, sabulu ya malale. Oga ya ƙara sauri, suka ƙara. Ya tsaya cak, suka wuce shi, suka ci birki, suka dawo da baya a fusace. Takalmi ɗaya ya tafi. Shugaban tun ciki ya zame, ya tashi, ya sake zamewa, ya ɗare saman wata doguwar kantar jera kaya kamar biri ya ga kare.

"Ku tsaya! Ni ne shugabanku!"

"Ai shi ya sa, Oga!" in ji wani lebura daga kan buhuna. "Ƙauna ce!"

Motoci suka taru a ƙasa suna tunkuyin kanta, tana rawa, tumbi yana rawa.

"'Yata! Injiniya! Ranki ya daɗe!"

"Jefo na'urar, Oga."

Ya jefo. Ta mayar musu da hirarsu, ta rage ƙarfin, ta ɗaura na'urar a jikin tsohon injin shara mai tafiya shi kaɗai. Injin ya kama hanyarsa a natse, ba ihu, ba shafa tumbi. Motoci suka jeru a bayansa reras, tazara daidai, ko katan ɗaya bai girgiza ba.

Mai kamfani ya share hawayen dariya.

"Injiniya, kujerar manaja taki ce."

"Yallaɓai," in ji Oga daga sama, kumfa na ɗiga daga gemunsa, "ni fa? Ai ba a barin irina a wajen layi."

"Wa ya ce za a bar ka? Sauko, ga tsumma. Kai ne na goma sha uku, ka bi bayansu kana goge sabulu. Kuma don Allah ka riƙa sauraron ta gabanka."