Ranar da Jan Man Giya Ya Kai Ni Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ɗan ƙanina a Dutse Alhaji. Ni ne mai karɓar auren, don haka tun da hantsi na sha farar shadda, na nufi garejin Danladi a Dei-Dei in ɗauki motata.

Na tarar giyabos ɗin, wato akwatin giyar motar, yana ƙasa. Gefensa ga kwambata, ƙarfen nan mai kama da ƙatuwar ƙwarya da ke zama tsakanin inji da giya. Danladi ya ɗura mata sabon mai, ya ajiye ta baki sama. Ya ce zai je sayo roba, ya ƙara da irin Hausarsa ta Abuja: "Oga, kar ka taɓa wannan abu, yana da ciki."

To, ni na yi yawo. Na ga ana wannan aiki a Kwatano, na gani a Jidda. Ɗaga ta ake yi, a zura a kan sandar giya, a riƙa juyawa har ta zauna daram. (Abin da ban lura ba, duk a tsaye nake kallo, hannu a aljihu.) Lokaci na tafiya, sai na naɗe hannun riga na rungume ta.

Nauyinta ya fi ƙarfin shekaruna. Ina karkata ta, jan mai ya kwararo mini daga ƙirji har gwiwa, bayana ya riƙe, na zube ƙasa ina nishi.

Ashe a daidai lokacin wani bijimi ya kufce daga kara, kasuwar shanu, dillalai na bin sa da sanduna. Suka shawo kwana, suka gan ni a kwance jajir, suka ɗauka bijimin ne ya soke ni. Salati kawai na ji, sai ga ni a sama, an jefa ni bayan a-kori-kura. Na ce musu mai ne da Hausa, ba wanda ya saurara. Na faɗa da Fulatanci, na koma Larabci, tsabar ruɗewa har Faransanci na yi. Wani dattijo ya dafa goshina ya ce wa sauran na fara sambatu, sannan ya sunkuyo: "Alhaji, bar surutu, yi kalmar shahada."

Wani kuma ya zaro wayata ya kira lambar ƙarshe da na kira. Ƙanina ne, yana zaune gaban liman.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta sa almakashi ta tsarge shaddar (ɗinkin Kano, ranar na fara sa ta). Ta duba cikina, ko ƙwarzane babu. Ta shinshina hannunta. Ina ɗaga kai sai ga ango, ga ƙanina yana hawaye, ga liman, ga dangin amarya cike da ƙofa, ni kuwa daga ni sai wando.

"Baba," in ji ma'aikaciyar jinyar, "jininka warin gareji yake."

Bayan la'asar aka ɗaura auren, na karɓa cikin aron jallabiyar liman da ta tsaya mini a ƙwauri. Washegari Danladi ya mayar da kwambatar, ina kallo daga nesa. Har yau surukanmu in sun gaishe ni sai sun tambaye ni ya ƙarfin jiki, ya kuma bijimi.

Tun daga ranar, in makaniki ya ce kar in taɓa, hannuna aljihu yake komawa, inda ya yi zamansa lafiya a Kwatano da Jidda.